Bitar Wutar Band A: Wa Ta Yi Wa Sauƙi, Wa Ta Danne

Tun ranar 3 ga Afrilun 2024, da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225, mai neman gidan haya ya sami sabuwar tambayar da zai yi wa dillali. Bayan maganar ruwa da hanya, sai ya ce: wane band ne layin? A watan Mayu na shekarar aka sauko da farashin zuwa naira 206.80, a Yuli kuma ya koma naira 209.50. Da wannan farashi na ƙarshe za a yi lissafin da ke tafe.

Hukuncin a gaba, kafin bayani: ga wanda a da yake ƙona gas ko fetur a janareta dare da rana, Band A garaɓasa ce. Ga talakan da ƙaddara ta haɗa shi waya ɗaya da masu hali, nauyi ne da ba a shawarce shi ba kafin a ɗora masa. Wanda yake can ƙasa a Band D ko E kuwa, an bar masa yunit mai araha, aka ɗauke masa wutar.

Tsarin rukuni-rukunin ya girmi ƙarin kuɗin. Tun 2020 aka kasa masu shan wuta gida biyar bisa awannin da kamfani ya yi alkawarin ba su a rana: Band A aƙalla awa 20, Band B awa 16, Band C awa 12, Band D awa 8, Band E awa 4. A lokacin tazarar farashi tsakanin rukunan ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san rukuninsu ba. Abin da aka yi a 2024 shi ne janye tallafin gwamnati daga Band A kaɗai, aka bar sauran a kan tsohon farashi. Mataimakin shugaban NERC na lokacin, Musiliu Oseni, ya ce an rage layukan da ke Band A daga wajen 800 zuwa ƙasa da 500, kuma kashi 15 cikin ɗari na masu shan wuta ne abin zai shafa. Hujjar gwamnati, wadda ministan wuta na lokacin, Adebayo Adelabu, ya yi ta maimaitawa, ita ce masu shan wuta da yawa su ne suka fi cin moriyar tallafin, alhali su ne suka fi ƙarfin biya. Wannan hujja tana da tushe. Gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki biyar ya fi mai fanka ɗaya cin tallafi ninkin-ba-ninkin, tunda a kan kowane yunit ake tallafawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake sa mutum a rukuni. Ba a duba albashinka, ba a duba girman gidanka, ba a duba yawan wutar da kake sha. Layin da ya taso daga tashar rarraba wuta ya shigo unguwarku, wanda ma'aikata ke kira fida, mai ƙarfin 11kV ko 33kV, shi ake ba wa band. Duk taransifomar da ke rataye a jikinsa, da duk gidan da ke shan wuta daga waɗannan taransifomomi, sun shiga ke nan. Fida ɗaya tana iya fara wa da layin manyan gidaje, ta bi ta gaban banki da otal, ta ƙare a lungun da maigadin waɗancan gidaje da mai wankinsu ke haya ɗaki ɗaya. Duka naira 209.50 za su biya. Babu takardar da mutum zai cike ya ce shi dai a bar shi a Band C, ba ya son awa 20.

A zo ga lissafi. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 a kan kuɗin wuta, don haka yunit ɗaya yana kamawa wajen naira 225. Katin naira 5,000 zai ba ka yunit 22. Na naira 10,000 zai ba ka yunit 44, alhali a tsohon farashi yana ba da wajen yunit 136. Idan ana binka tsohon bashi, kamfani yana cire wani kaso daga duk katin da ka saya, sai yunit ɗin ya ƙara raguwa.

A ɗauki gida madaidaici, ba na mai kuɗi ba. Fankar sama biyu, kowace wat 75, suna juyawa awa 12: yunit 1.8 a rana. Ƙaramin firji: wajen yunit 1.2. Talabijin na awa biyar: 0.3. Ƙwan fitila shida masu wat 10, awa shida: ƙasa da rabin yunit. A ƙara guga sau biyu ko uku a mako da cajin waya. An tashi da wajen yunit 4 a rana, 120 a wata, wato naira 27,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Kusan kashi 40 cikin ɗari na albashin ke nan ya tafi a wuta, kuma gidan ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, ba ya girki da lantarki, ba ya jan ruwa da sumo. Irin wannan gida shi ne za ka tarar akwai wuta a layi amma an kashe komai, an zauna a tsakar gida ana fifita. Awa 20 tana bakin ƙofa, aljihu bai kai a shigo da ita ba.

Yanzu a juya ga ɗaya ɓangaren. Babban janareta mai gas, idan yana da lafiya kuma an ɗora masa lodi daidai, yana ba da wajen yunit 3 a kowace lita. Idan lita tana naira 1,200, yunit ɗaya ya kama naira 400, ba a sa kuɗin baƙin mai da filta da makanike ba. Ƙaramin janareta mai fetur ya fi haka ɓarna: da ƙyar lita ta ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka idan fetur yana naira 900, yunit ɗinka yana tsakanin naira 450 da 600. A ce masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai a Kano tana shan yunit 50,000 a wata. Bambancin naira 400 da naira 225 ya haura naira miliyan 8 kowane wata. Masu masana'antu sun yi ta ƙorafi a kan ƙarin, kuma suna da gaskiya ta fuskar cewa wutar da suka saba biya naira 68 ta ninka sau uku. Amma duk awar da Band A ta maye gurbin janareta, riba ce a gare su. Haka mai gidan da ke da na'urorin sanyaya ɗaki: mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana shan yunit 7 zuwa 9 a daren awa takwas, wajen naira 1,600 zuwa 2,000. Da fetur, wannan dare ɗin ya ninka haka, ga ƙara ga hayaƙi.

Masu sana'ar da wuta ce jarinsu suna tsakiya. Mai ƙanƙara, mai walda, mai gidan ruwan leda, mai shagon kifi da kaji masu sanyi: idan wutar ta tsaya, suna fita da riba ko da tsadar, domin firizar da ta sami wuta awa 20 ba ta narkewa, kuma injinta ba ya wahalar sake sanyaya kaya daga farko. Tela mai keke ɗaya da dutsen guga kuwa, wanda wutar awa takwas da rana ta ishe shi, ba abin da ya ƙaru da shi sai bil.

Shin ana samun awa 20 ɗin? A manyan layukan da ke kusa da tashoshi, sau da yawa ana samu ko a kusanta, kuma wannan canji ne na gaske da bai kamata a raina ba. Sai dai akwai ramuka uku da mai saye ya kamata ya sani, kuma na farko ya fi sauran girma.

Awannin ana ƙirga su ne a bakin fida, a tasha, ba a gidanka ba. Idan fiyus ɗin taransifomarku ya faɗi, ko taransifomar ta ƙone, ko waya ta tsinke a lungunku, mitar da ke tasha tana nuna layi yana raye. A takarda kun sami awa 22, a ɗaki kun kwana uku a duhu. Kuma wa wannan ya fi samu? Unguwar masu hali takan sami taransifoma ɗaya ga gidaje kaɗan, wasu manyan gidajen ma suna da tasu ta kansu. A unguwa mai cunkoso, taransifoma mai 300kVA ko 500kVA tana ɗauke da gidaje da shaguna fiye da ƙarfinta, wayoyin sirara ne, an yi musu ƙari a kan ƙari. Da zafi ya tsananta a watan Maris da Afrilu, kowa ya kunna abin da yake da shi, sai ta yi zafi, mai ya fara tsiyaya, layi ɗaya daga cikin ukun da ke fita daga taransifomar ya ɗauke. Daga nan sai a fara kiran mai hawa falwaya ya canja wa gida layi, wanda ke ƙara tara lodi a kan layin da ya rage har shi ma ya tafi. Wasu wuraren ma'aikata da kansu suke raba wutar taransifoma, yau wannan layi gobe wancan, don kada ta ƙone. Duk wannan yana faruwa a ƙarƙashin sunan Band A, a kan farashin Band A.

Na biyu shi ne ƙarfin wutar. Ya kamata ta zo wajen bolt 230. A ƙarshen dogon layi da daddare tana iya sauka ƙasa da 170: ƙwai ya yi ja, fanka tana juyawa kamar ba ta so, injin firji yana ta ƙoƙarin tashi yana kasawa har ya ƙone. Wannan ma awa ce a lissafin kamfani. Mai hali ya sayi babbar sitabilaiza ya huta.

Na uku ba laifin kamfanin rarrabawa ba ne. A Oktoban 2024, bayan ɓarnar da aka yi wa babban layin Shiroro zuwa Kaduna mai 330kV, sai layin Ugwuaji zuwa Apir da ake lallaɓawa da shi shi ma ya faɗi, jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda babu wuta. A kwanakin nan ba Band A ba Band E. Bambancin da ya rage shi ne na mai sola da janareta da wanda ba shi da su.

Dokar NERC ta tanadi wani abu a kan gazawa. Idan layin Band A ya kasa samun awanninsa kwana biyu a jere, dole kamfani ya wallafa dalili washegari da safe. Idan abin ya kai kwana bakwai a jere, layin ya sauka zuwa rukunin da ya dace da wutar da aka ba shi. Tanadi ne mai kyau, amma lura da kalmar "a jere". Kwana shida na ƙarancin wuta da kwana ɗaya na wadata sun warware lissafin.

Abin da ya fi damuwa a tsarin gaba ɗaya shi ne abin da yake yi wa na ƙasa. Wutar da ake rabawa a faɗin Najeriya takan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutane sama da miliyan 200. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi tun bayan sayar da kamfanonin wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, kamfanin KEDCO mai Kano da Katsina da Jigawa tana da kashi 8 cikin ɗari, kamfanin Kaduna mai haɗe da Sakkwato da Kebbi da Zamfara kashi 8, na Jos kashi 5.5, na Yola kashi 3.5, alhali Ikeja da Eko, na yankin Legas, suna da kashi 26 a tsakaninsu. Kashi 8 na megawat 4,000 shi ne 320, ga jihohi uku. To, a ce kai ne mai rabon wannan ɗan abin, kana da layin da ke biyan naira 209 kuma za a hukunta ka idan ka gaza masa, da layin da ke biyan kashi ɗaya cikin uku na haka, rabin mutanensa ba su da mita. Ina za ka tura wutar? Ba sai an yi mugunta ba, lissafin kasuwanci kaɗai ya isa. Ƙarin kuɗin bai ƙara megawat ko ɗaya a ranar da aka yi shi ba. Awannin da aka cika wa Band A daga wani wuri aka ɗebo su, kamar tuwon gidan yawa: ba a ƙara gari ba, aka ƙara wa wani malmala.

Mutumin Band D ko E yana da yunit mai araha a takarda, amma awa huɗu ko takwas ɗinsa sau da yawa tsakar dare suke zuwa, lokacin da ba shago a buɗe. Sauran buƙatunsa yana sayen su ne a farashin janareta ba tare da ya mallaki janareta ba: cajin waya a shago, niƙa da markaɗe a injin mai, ruwan 'yan garuwa da aka jawo da fetur, ƙanƙara a watan azumi. Idan aka bi diddigi, yunit mafi tsada a garin shi yake sha.

Kuma taswirar layukan ba daga sama ta faɗo ba. Tun zamanin Turawa, unguwannin da aka keɓe wa ma'aikatan gwamnati, irin Nasarawa a Kano, su aka fara ja wa waya, da faffaɗan titi da filin kafa taransifoma. Bayansu sai barikoki, gidajen gwamnati da unguwannin masana'antu kamar Bompai a Kano da Kakuri a Kaduna. Unguwannin da suka tsiro a gefen gari ba tare da awon filaye ba, jama'a ne suka haɗa kuɗi suka kafa falwaya suka ja waya yadda ta samu. Da aka zo raba band, layin da ya fi lafiya shi ya cancanci A, kuma layin da ya fi lafiya shi ne wanda aka fi kashe wa kuɗi tun asali. A Abuja tazarar Maitama da Asokoro da garuruwan gefe inda direbobinsu da masinjojinsu ke kwana ta isa misali. Hatta mitocin kyauta da NERC ta amince a saya da naira biliyan 21 a 2024, marasa mita na Band A aka ce a fara ba wa, a shekarar da fiye da rabin masu shan wuta a ƙasar ba su da mita.

Akwai wani tanadi na talaka da mutane da yawa ba su sani ba: wanda ba ya wuce yunit 50 a wata yana da farashin rangwame na naira 4 a kan yunit. Samun shiga wannan aji ne aiki. Babban abin da ke hana shi shi ne gidan haya mai mita ɗaya. Ɗakuna takwas, kowane yana shan yunit 30, a idon kamfani abokin ciniki ɗaya ne mai shan yunit 240. Daga nan kuma rigimar rabo ta tashi, ana ƙirga ƙwai da soket, mai fanka ɗaya yana biya wa mai hita da dutsen guga.

Ga wanda ya sami kansa a layin Band A, ga abin da ke aiki. Ka fara da rasit ɗin katinka: rukuninka yana rubuce a jiki, idan kuma ba ka gani ba, raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da aka ba ka. Idan amsar ta kama wajen 225, kana A. Idan ta haura haka sosai, ana cire maka bashi ne, ka je ofis a buga maka bayanin asusunka, domin sau da yawa bashin na wanda ya tashi daga gidan ne. Kada ka zauna a Band A ba mita. Bil na ƙiyasi a wannan farashi ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake tun 2020 akwai iyakar da NERC ta gindaya wa abin da za a ƙiyasta wa marar mita. Wanda ya sayi mita da kuɗinsa ta tsarin MAP, na kamfanonin da aka amince su samar da mita, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗin ta hanyar yunit, sai ya adana rasit. A gidan haya, ƙaramar mita ta daban a kowane ɗaki tana kashe rigima, ko da kamfani bai san da ita ba.

Wajen rage sha, a bar wahalar da kai a kan cajar waya. Abubuwan da ke yin zafi ko sanyi su ne masu cin kati: hitar ruwa da risho mai lantarki da dutsen guga suna tsakanin wat 1,000 da 1,500, wato awa ɗaya tasu ta kai awa 13 zuwa 20 na fanka. Tsohon ƙwai mai wat 60 ko 100 a canja shi da mai wat 10. Firjin da robar ƙofarsa ta saki, injinsa ba ya hutawa. Idan ka kashe komai amma mita tana ci gaba da ƙirga, ko dai waya tana zubar da wuta a bango ko wani ya jona a layinka, a kira mai gyaran wuta.

Idan awannin ba sa cika, magana a bakin shago ba ta zama hujja. Mutum biyu ko uku a layin su riƙa rubuta lokacin kawowa da lokacin ɗaukewa, kullum, na tsawon wata guda. A kai ƙorafi a rubuce sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfani, a karɓi shaidar an karɓa. Idan kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke jihar ko mafi kusa, daga nan sai hukumar kanta. A jihohin da suka karɓi ragamar kula da wutarsu bisa dokar lantarki ta 2023, irin su Inugu da Legas, hukumar jiha ake nufa. Kuma a sani gyaran taransifoma da sayen falwaya da waya haƙƙin kamfani ne, ba na unguwa ba. Jama'a suna yin karo-karo ne don sun gaji da jira, abin fahimta ne, amma idan za a yi, a yi da rubutacciyar yarjejeniyar yadda za a mayar musu, in ba haka ba sun saya wa kamfani kadara kyauta.

Gyaran da tsarin ke buƙata ba ɓoyayye ba ne: a riƙa auna awanni a bakin taransifoma, kuma a sa farashin ya bi yawan sha, yunit 50 ko 100 na farko a kan rangwame ga kowa, abin da ya haura a kan cikakken farashi. Da haka mai fanka ɗaya a layin masu kuɗi zai numfasa, mai na'urori biyar ya biya nasa. Amma wannan ba ya yiwuwa sai kowane gida yana da mitarsa.

Kafin nan, masu hali sun fara ficewa ta wata ƙofa. Rufin manyan gidaje da makarantu masu zaman kansu da gidajen mai ya cika da faifan sola, an haɗa da inbata da batirin litiyom, wutar kamfani ta koma ta ko-ta-kwana. Jarin farko yana da nauyi, shi ya sa mai albashin naira 70,000 ba ya kusantarsa, iyakarsa fanka mai caji da ɗan faifai ɗaya. Kowane babban gida da ya fice, kamfani ya rasa wanda ya fi biya, kuɗin kula da wayoyi da taransifomomi kuwa bai ragu ba, kuma a kan waɗanda suka rage a layin za a raba shi.